Shaidar Yara A Kan Rauni: Daga Kogin Sumpul Zuwa Kamlin



Muna rubuto muku ne daga yankin Kamlin na ƙasar Sudan, a gaɓar yamma ta kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, tsakanin Khartum da Wad Madani. Aikinmu shekara da shekaru shi ne riƙe daftarin dattijon garinmu. A da, abin da ke shiga cikinsa bai wuce ɗaurin aure da rabon gado da sasanta rikicin iyakar hawasha ba, wato gonar da ake ba manomi a cikin shirin noman Jazira. Tun da yaƙi ya same mu, daftarin ya koma na ƙidayar mamata da asara: wane an harbe shi, wance ta rasu a hanya, buhun dawa kaza, injin ban ruwa kaza, tarakta kaza.

A cikin wannan daftari akwai layi guda da muka rubuta da hannunmu a kan wata tsohuwa: sunanta, shekarunta bisa ƙiyasi, sannan kalma huɗu, ta rasu a hanya. Bayan watanni sai aka kawo mana wata takarda da jikanta ɗan shekara tara ya yi zane a kai. Ga magudanar ruwan gona, wadda muke kira tur'a, ta miƙe daga wannan gefen takarda zuwa wancan. Ga jerin mutane a bakinta. Ga tsohuwa a cikin baro, ƙafafunta na reto, ga kuma wata mace da goyo a baya tana tura baron. Mun tambayi mutanen gidan, suka ce haka aka yi, surukarta ce ta tura ta yini biyu. Babu wanda ya gaya mana wannan lokacin da muke rubuta layin, mu ma ba mu tambaya ba, domin daftari ba shi da gurbin wanda ya tura baro.

Wannan takarda ita ce ta sa muka waiwaya muka dubi tarihinmu da wani ido.

Kowa a nan ya san yadda kakanninmu suka zo. Wasu alhazai ne da suka taso a ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, suka bi ta Barno da Abeshe da Junaina da Fashir, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, zaman ya zama na 'ya'ya da jikoki. Wasu kuwa 'yan hijira ne. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a shekarar 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada a ranar 27 ga watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin wannan kogi namu, inda garin Mai Wurno yake a yau kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai mutanenmu suka bazu cikin ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona.

An rubuta wannan hijira. Akwai waƙar zuwan Annasara da ake jingina wa shi Sarki Attahiru, akwai wasiƙun sarakuna, akwai rahotannin Turawan da suka bi sawun masu hijira suna ƙirga su. Amma a cikin ayarin nan akwai yara, kuma su ne suka fi kowa daɗewa a duniya bayan tafiyar. Me yaron da ya tsaya a Burmi ya gani? Me yarinyar da aka goya ta ratsa Wadai ta riƙe a ranta? Mun riski wasu daga cikin 'ya'yansu, kuma abin da ya iso mana bai wuce gutsattsarin zance ba: ƙishirwa, wata rijiya, wani jaki da ya mutu. Malamai da sarakuna sun bar takarda. Yara sun girma, sun tsufa, an binne su da abin da suka gani.

Yanzu ga shi hijira ta sake zagayowa kan jikokin jikokinsu, har sau biyu a cikin shekara uku.

Ta farko ita ce ta jihar Nilul Azraƙ a watan Yuli na 2022, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da Gaisan da Wad al-Mahi, bayan taƙaddama a kan buƙatar Hausawa ta samun masarautar gargajiya tasu. Fiye da mutum 100 suka mutu a watan nan, a Oktoba kuma wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi ta ci kimanin 200. Dubban mutane suka gudo arewa zuwa Sinnar da Jazira da jihar Farin Nilu, wasu muka sauke su a gidajenmu. Ba su gama share hawaye ba sai ga babban yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin ƙasa da rundunar Da'amus Sari', wadda gidajen rediyo ke kira RSF. Kamlin tana kan titin da mutanen Khartum suka biyo suna gudu, muka ciyar da su, muna zaton mu masu masauki ne har abada. A Disamba 2023 Wad Madani ta faɗi, kimanin rabin miliyan suka watse daga Jazira. A ranar 5 ga Yuni 2024 aka kashe fiye da mutum 100 a ƙauyen Wad an-Nura. A ƙarshen watan nan Sinja ta faɗi. A Oktoba 2024, bayan da Abu Aƙila Kaikal ya bar Da'amus Sari' ya koma ɓangaren soja, aka huce a kan garuruwan gabashin Jazira, su Tambul da Rufa'a da Hilaliyya, kuma a nan cikin yankin Kamlin aka kashe mutum 124 a ƙauyen Sariha, kamar yadda masu ƙidaya suka bayar. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Mutane suka fita, wasu zuwa Manaƙil, wasu suka haye kogi suka ratsa Butana zuwa Sabuwar Halfa da Kasala da Gadarif.

A can aka zuba mu cikin makarantun boko, domin karatu ya tsaya a ƙasar gaba ɗaya, azuzuwa sun zama ɗakunan kwana. Yara ba aikin yi, ga allon bango, ga guntayen alli, ga gawayi daga murhun takiyya, wato tukunyar sadaka da matasan unguwa ke dafawa. Sai suka fara zane. A allo, a bango, a kwalin magani, a ƙasa da tsinke. Mota buɗaɗɗiyar baya da babbar bindiga a kanta, har da ɗamarar harsashi tana lilo. Babur ɗauke da mutum uku masu naɗin rawani da ya rufe baki. Jirgi maras matuƙi kamar ɗan tsuntsu a kusurwar sama. Amalanken jaki da katifa. Gida da ƙofa a buɗe. Wani yaro ya yi ta zana akuya guda a ɗaure jikin bishiya, kullum ita, har aka gane tasa ce da aka bari a ɗaure ranar fita.

Ba za mu ɓoye ba, tsawa muka fara yi musu. Mu 'yan makarantar allo ne, mun taso a kan cewa zana mai rai abu ne da ake gudu, ga kuma tsoron kada wani ya shigo ya ga hoton kakinsa a bango. Wasu daga cikinmu sun sa an goge. Sai da hankali ya ɗan kwanta muka koma wa littattafanmu, muka tuna cewa malaman mazhabar Malikiyya sun yi tafsili a kan wannan mas'ala. Abin da suka haramta shi ne surar mai rai da aka sassaƙa ko aka ƙera, cikakkiyar gaɓoɓi, mai inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango bai kai haram ba a wurinsu, iyakarsa karhanci ko barin abin da ya fi. Sun kuma yi rangwame a kan 'yar tsanar yara, saboda abin da ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa, har da doki mai fukafukai, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani bai hana ba. Ban da haka, mu da kanmu mun koya wa yara riƙe launi. Wane almajiri ne bai yi ɗokin ranar da za a yi wa allonsa zayyana ba, wadda a khalwowin Sudan ake kira sharafa? Hannun da ya iya jan layin zayyana shi ne ya ja bakin bindigar nan.

Daga baya, da muka sami intanet muka bincika, sai muka tarar ashe yaranmu sun bi wata tsohuwar hanya ce ba tare da sun sani ba. A yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939 an tara zanen yaran da aka kwashe daga garuruwan da jirage ke yi wa ruwan bama-bamai, aka buga wasu a littafi a 1938 don tara musu agaji. Amma labarin da ya fi kama da namu shi ne na El Salbado, wata 'yar ƙaramar ƙasa a tsakiyar nahiyar Amurka, wadda yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba.

Manoma ne talakawa kamar mu, masu shuka masara da wake a ƙasar da 'yan tsiraru suka mallake gonakinta. Yaƙin basasa ya ci su daga 1980 zuwa 1992, ya kashe kimanin mutum 75,000. Sojojin gwamnati, waɗanda Amurka ke ba kuɗi da makamai, sukan ɗauki duk ƙauyen da ke yankin 'yan tawaye a matsayin abokin gaba. A ranar 14 ga Mayu 1980 mutanen ƙauyuka suka gudo bakin kogin Sumpul don su haye zuwa ƙasar Honduras. Sojojin Honduras suka tare ɗaya gaɓar, na Salbado suka buɗe wuta daga baya. Kwamitin binciken gaskiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar a 1993 cewa aƙalla mutum 300 aka kashe a wurin. A Maris 1981 aka sake yin irin haka a kogin Lempa, jirage masu saukar ungulu suna harbin masu iyo. Waɗanda suka tsira aka tara su a sansanonin Mesa Grande da Kolomonkagwa a cikin Honduras, suka shekara da shekaru a bayan shinge.

A sansanonin nan yara suka yi ta zana abu guda: jirgi mai saukar ungulu, layin ɗigo-ɗigo yana saukowa daga cikinsa zuwa kan mutane, kogi cike da kawuna, gidaje na ci da wuta, dabbobin gida a kwance. Mata ma suka ɗinka irin waɗannan hotuna da zare a kan ƙyalle. A lokacin gwamnatin Salbado da masu goyon bayanta suna musun cewa ana kashe farar hula. Ma'aikatan agaji da na coci suka fitar da takardun yaran zuwa ƙasashen waje, har aka buga wasu a littafi a birnin New York a 1986. Mutumin da zai iya cewa ɗan jarida maƙaryaci ne, ko limamin coci ɗan tawaye ne, yakan rasa ta cewa idan aka ajiye masa zanen yaro ɗan shekara takwas a gabansa. A Oktoba 1987 fiye da mutum 4,000 suka tashi daga Mesa Grande suka koma gida alhali yaƙi bai ƙare ba. Yaran nan yanzu sa'o'inmu ne ko ƙannenmu, kuma 'ya'yansu suna iya ganin abin da iyayensu suka gani, da hannun iyayen.

Sai kuma na cikin gida, wanda ambatonsa ke sa mu sunkuyar da kai. A Fabrairu 2005 wasu ma'aikata biyu na ƙungiyar Human Rights Watch, likitar yara Annie Sparrow da lauya Olivier Bercault, suka je sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur a gabashin Chadi, yankin da tsohuwar hanyar alhazanmu ta ratsa tsakanin Abeshe da Adare. Sun ba yara takardu da fensiran launi ne kawai don su shagala, su kuwa su sami damar magana da iyaye. Ba su ce musu su zana komai ba. Da aka karɓo takardun sai ga Janjawid a kan dawakai da raƙuma, ga jirgin Antonob yana zubo wuta, ga tankoki da jirage masu saukar ungulu, ga bukkoki na ci. Gwamnatin Khartum tana cewa rikicin ƙabilu ne kurum, yara kuwa suka zana jiragen da ƙabila ba ta mallaka ba. A 2007 wata ma'aikaciyar ƙungiyar Waging Peace mai suna Anna Schmitt ta tara zane kimanin 500 a sansanonin, kuma a Nuwamba na shekarar kotun duniya ta manyan laifuka da ke Hague ta karɓe su a matsayin hujjar da ke bayyana yanayin da laifukan suka faru a ciki. Kada dai a zaci takardar yaro tana ɗaure mutum nan take. Ali Kushaib, wanda kotun ta ba da sammacinsa a wannan shekara ta 2007, sai a Oktoba 2025 aka same shi da laifi, kuma da bakin shaidu manya. Yaran da suka yi zanen sun riga sun haifi nasu yaran, da yawa a cikin sansanin.

Lokacin da Darfur ke ƙonewa muna nan Jazira muna cirar auduga, muna jin labari kamar na wata ƙasa. A 2013 aka ɗauko mayaƙan nan aka yi musu kaki da suna, suka zama Da'amus Sari'. Bayan shekara goma motar da yaran Darfur suka zana ta tsaya a ƙofar gidajenmu. Mun jera hotunan nasu da muka gani a waya kusa da na yaranmu, in ban da doki da ya koma babur, sai ka ce ajinsu guda.

To, ina matsayin irin wannan shaida a wurinmu? Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin hukunce-hukunce da shaida, inda aka nuna cewa ana karɓar shaidar yara a kan raunin da ya faru a tsakaninsu, da sharaɗin ba su watse ba, kuma babba bai shiga tsakaninsu ba. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa, inda Imamu Malik ya kawo cewa Abdullahi ɗan Zubairu yana hukunci da ita. Mun sani hukuncin na abin da ya faru tsakanin yara ne a wurin wasansu, ba za a ɗauke shi a ɗora wa yaƙi kai tsaye ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne illar da malamai suka hango. Sun yarda yaro yana gani da kyau, kuma akwai wuraren da babu mai gani sai shi. Tsoronsu ɗaya ne, kada babba ya sa masa magana a baki.

Wannan sharaɗi shi ne ma'aunin da muke ganin ya dace da zanen yaƙi. Ƙarfin takardun Darfur ya zo ne daga cewa ba wanda ya ce a zana. Da zarar babba ya tsaya a kan yaro ya ce zana mana yadda suka kashe mu, takardar ta zama ta babban. Mun ga an yi haka, an tara yara don a ɗauki hoto a watsa, kowa ya zana tuta da tanka irin guda. Yara kuma suna kwaikwayon juna, suna zana abin da suka gani a wayar yayyensu kamar sun gani da ido. Saboda haka ba kowace takarda ce shaida ba, kuma mai tarawa yana buƙatar irin taka-tsantsan ɗin mai karɓar ruwaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yaron da ba a sa wa magana a baki ba, ba ya zana abin da muke so kaɗai. Da sojoji suka karɓe Wad Madani a ranar 11 ga Janairu 2025 an yi murna, mu ma mun yi. Amma a kwanakin nan ne aka far wa kanabi, sansanonin ma'aikatan gona da yawancin mazaunansu 'yan asalin yamma ne, bisa zargin sun taimaki Da'amus Sari'. Human Rights Watch ta ba da rahoton kashe aƙalla mutum 26 a ƙauyen Ɗayyiba a ranar 10 ga watan, ta ɗora alhakin a kan mayaƙan Kaikal. Yaran kanabi ma sun yi zane, kuma kakin da ke cikin nasu daban ne. Haka nan wata yarinya daga cikin waɗanda suka gudo mana a 2022 ta zana gidansu yana ci da wuta, a ɗaya gefen takardar kuma ta zana wani gida yana ci, da samari riƙe da adduna a gabansa. Da aka tambaye ta su wane ne waɗannan, ta ce namu ne. A majalisar dattijai an sami wanda ya ce a yaga, kada ta faɗa hannun da za a yi mana sharri da ita. Maganarsa ba ta rasa hujja ba, domin mu mutane ne da har yau ake tambayar takardar zama ɗan ƙasa a ƙasar da aka haifi kakanninmu. Dattijonmu ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce a ajiye ta tare da sauran, in mun yaga wannan ba mu da bakin nuna waɗancan.

Abin da muke yi yanzu kaɗan ne. Idan takarda ta zo hannunmu, mukan rubuta a bayanta garin da aka yi ta, da watan, da shekarun mai zanen, da abin da ya faɗa da bakinsa in ya faɗa, da Hausarsa ko Larabcinsa yadda ya fito, ba gyara. Ba ma rubuta suna, domin yaƙi bai ƙare ba. Ba ma matsa wa wanda ya ƙi magana. Muna ajiye su a cikin adakar ƙarfe guda da daftarin, kuma a gefen layin tsohuwar nan mun ƙara alama mai nuna cewa akwai takarda.

Mafi yawan zanen dai ya riga ya tafi. Na ƙasa iska ta share tun a ranar. Da aka fara buɗe makarantu aka fitar da masu gudun hijira daga azuzuwa, sai aka shafe bangaye da farar ƙasa, kuma ba mu ga laifin masu shafewa ba, yara na buƙatar aji mai tsabta. Mai akuyar nan, zanensa na ƙarshe da muka gani a bayan allonsa ya yi shi da tawada, bayan mun dawo gida. Malaminsa ya bar masa shi kwana uku, ranar Asabar da safe ya wanke aka ɗora masa Tabbat Yada.